Jaridun Gidajen Katsina: Wa Ke Da Su, Me Kuma Ya Same Su

Wannan bayani ne zuwa ga malamai da fatake da sauran masu bin labarin duniya, a kan mutanen da su ke mallakar jaridu da gidajen rediyo, da irin dukiyar da ke tsaye a bayansu, da kuma abin da ke samun jarida ran da mai ita ya kau.

Malamin da ya san aikinsa ba ya karɓar ruwaya sai ya bincika wanda ya kawo ta, da wanda shi kuma ya ji ta daga gare shi, har ya gamsu da mutanen da ke cikin isnadin. Haka kuma falke, in dillali ya yi ta yabon wata haja a gabansa, ya kan so ya sani ko la'ada kaɗai dillalin nan ya ke nema, ko kuwa yana da rabo a cikin kayan. Amma abin mamaki, sai ka ga mutanen nan biyu sun zauna a zaure ko a rumfar kasuwa, ana karanta musu jarida ko rediyo na yi musu bayani, su ɗauki labarin su wuce da shi gaba, ba wanda ya tambayi mai na'urar da ta buga shi, ko mai biyan albashin wanda ya faɗe shi. Alhali kuwa nan ne isnadin labarin zamani ya ke farawa.

A da tambayar ba ta da wuya, domin mai jarida ɗaya ne, kowa kuma ya san shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, ta Gwamnati ce, editanta kuwa Malam Abubakar Imam, wanda aka ɗauko daga koyarwa a Midil ta Katsina. Daga baya, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridu na larduna, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau. New Nigerian ita ma, da ta fara a 1966, ta Gwamnatin Jihar Arewa ce. Mai karatu ya san muryar hukuma ya ke ji, saboda haka ya san gwargwadon da zai auna maganar. A Kudu ne aka riga aka saba da jaridar mutum ɗaya ko ta gida ɗaya, kamar West African Pilot ta Dokta Azikiwe tun 1937, da Nigerian Tribune ta Cif Awolowo tun 1949, wadda har yanzu tana hannun zuriyarsa.

Sai cikin shekarun 1980 masu hali na Arewa suka shiga wannan sana'a sosai, kuma abin lura shi ne gidaje uku daga cikin waɗanda suka yi fice na ƙasar Katsina ne.

Na farko gidan 'Yar'aduwa na cikin birnin Katsina. Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne Ministan Harkokin Ikko a Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗansa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wanda aka haifa a 1943, ya zama na biyu a mulkin soja daga 1976 zuwa 1979. Da ya ajiye kaki sai ya shiga kasuwanci, ya kuwa shiga da ƙarfi. Yana da hannu a bankin Habib Nigeria, da gonar Sambo Farms ta Funtuwa, da kamfanin madara na Madara Limited a Vom, da Hamada Holdings, da kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines, da kamfanin NICOTES mai aikin tashar jiragen ruwa, wanda daga baya ya koma Intels. A tsakiyar waɗannan duka akwai maɗaba'ar Nation House Press a Kaduna, mai buga The Reporter da Turanci, da Nasiha da Hausa. A shafukan Nasiha ne aka ta da muhawarar nan a kan littattafan soyayya na Kano a farkon shekarun 1990, kuma matasan ƙasar Katsina da yawa a nan suka koyi aikin jarida.

Dukiyar nan ta gida ce, domin ƙanensa Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar koyarwa a 1983 ya riƙe Sambo Farms har 1989, ya zauna cikin daraktocin Hamada da Madara da bankin Habib, sa'an nan ya shugabanci Nation House Press daga 1995 zuwa 1999. Wanda ya dubi shekarun nan zai gane abin da ya faru. A 1995 ne Gwamnatin Janar Abacha ta kama wan, ta ɗaure shi, har ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba 1997. A 1999 kuwa ƙanen ya zama Gwamnan Katsina, daga nan ya zama Shugaban Ƙasa a 2007 har rasuwarsa a 2010. Watau kujerar shugaban maɗaba'a ta bi jini ne, daga wa zuwa ƙane, har siyasa ta ɗauke ƙanen shi ma.

To, me ya sa mutumin da ke da banki da jiragen ruwa zai nemi jarida, alhali kowane falke ya san jarida ba ta kawo ribar da banki ke kawowa? Amsar tana cikin siyasar zamanin. Shehu 'Yar'aduwa ya kafa ƙungiyar People's Front, ya shiga jam'iyyar SDP, ya kuwa yi gaba a zaɓen fid da ɗan takarar Shugaban Ƙasa na 1992, sai Janar Babangida ya soke zaɓen, ya hana 'yan takarar duka sake tsayawa. Mai neman mulki yana bukatar bakin da zai yi magana da yawunsa ran da rediyon Gwamnati ya juya masa baya. Jaridar nan ta yi wannan aiki, ta kuma ɗanɗana kuɗarsa, domin a 1993 Gwamnatin soja ta rufe The Reporter saboda sukar da ta yi wa mulkin Babangida. Nan mai karatu zai ga fuskoki biyu na abu ɗaya. Da ba don ƙarfin mai ita ba, da jaridar ba ta iya buɗe baki ta soki soja a lokacin da jaridun Gwamnati suka yi gum ba. Amma kuma rigimar mai ita ta zama rigimarta, abokan gabansa sun zama nata, ma'aikatan da ba su tsaya takarar kome ba su ne suka wayi gari ba wurin aiki.

Gida na biyu shi ne na Malam Ahmadu Kumasi, wanda ya jagoranci Yaƙi da Jahilci a Arewa cikin shekarun 1950. Uban ya koya wa manya karatun boko, ɗansa Alhaji Abidina Kumasi kuwa ya kafa kamfanin Today Communications a Kaduna don ya ba su abin karantawa, watau Today da Turanci da A Yau da Hausa. Wani ɗan gidan, Alhaji Ibrahim Kumasi, Sardaunan Katsina, shi ne Babban Sufeton 'Yan Sandan Nijeriya daga 1993 zuwa 1999. Faɗin wannan ba zargi ba ne ga kowa. Abin nufi kawai shi ne mai karanta labarin 'yan sanda a jaridar da ɗan'uwan shugabansu ke bugawa ya cancanci ya san da wannan dangantaka, kamar yadda mai sayen doki ya cancanci ya san dillali surukin mai dokin ne.

Na uku Alhaji Isma'ila Isa Funtuwa, wanda ya yi Ministan Albarkatun Ruwa a 1983 zamanin Alhaji Shehu Shagari. Shi ya jagoranci jaridar The Democrat a Kaduna, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu jaridu ta Nijeriya, ga shi kuma shi ne mai kamfanin gine-gine na Bulet, wanda ya yi manyan ayyukan Gwamnati a Abuja. Ya rasu a watan Yuli na 2020. A nan ma ga jarida, ga wata sana'a a gefenta wadda babban mai cinikinta Gwamnati ce.

Yau ko mutum ya zaga daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro ba zai sami mai sayar da The Reporter ko Nasiha ko Today ko A Yau ko The Democrat ba. Duk sun daina fitowa. Dalilan da ke kashe irin waɗannan jaridu sanannu ne ga duk wanda ya taɓa riƙe jari. Takarda da tawada da kayan gyaran na'ura daga waje a ke sayo su, tun kuwa da aka karya darajar Naira a 1986 tsadarsu ta yi ta hauhawa. Kuɗin da mai karatu ke biya ba ya ɗaukar nauyin bugu, sai an haɗa da kuɗin talla, manyan masu talla kuwa ko kamfanonin Ikko ne ko gwamnatoci. Saboda haka jaridar Arewa ta kan rayu ne da abin da mai ita ke tsakurowa daga sauran sana'o'insa yana zuba mata. Muddin yana raye, yana kuma da bukatarta, za ta fito. Ran da ya rasu, ko aka ɗaure shi, ko bukatar siyasa ta wuce, sai rijiyar ta ƙafe.

Malamai masu rabon gado sun fi kowa sanin abin da ke biyo baya a kowane gida mai dukiya. Gona a kan auna ta a raba, shanu a kan ƙidaya, kuɗi a kan kasafta, kowane magaji ya ɗauki rabonsa yadda shari'a ta yanka. Amma na'urar ɗab'i ba ta rabuwa, sunan jarida ba ya gutsuruwa. Sai dai a yi wa kamfanin kima a raba hannun jari, daga nan mutum ɗaya mai ra'ayi ɗaya ya koma mutum goma sha, kowa da bukatarsa. Daga cikinsu akwai gwauruwa mai marayu, akwai ɗalibi mai neman kuɗin makaranta, ba kuwa wanda zai ga laifinsu in sun ƙi zuba rabonsu cikin abin da ba ya kawo riba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ɗa ya kan gaji dukiya, ba lalle ne ya gaji sha'awar da ta sa uban ya jure asara shekara da shekaru ba.

Abin ba a Katsina kaɗai ya tsaya ba. Cif Moshood Abiola, abokin tarayyar Shehu 'Yar'aduwa a Africa Ocean Lines, ya kafa National Concord a 1980, tare da Amana ta Hausa, da Isokan ta Yarbanci, da Udoka ta Ibo. Bayan rikicin zaɓen 12 ga Yuni 1993 soja suka rufe ta, ba sau ɗaya ba, shi kuwa ya rasu a tsare a 1998, jaridun kuma ba su daɗe a bayansa ba. Mutumin da ya riƙe musu kamfanin jiragen ruwan nan, Raymond Dokpesi, shi ne ya kafa DAAR Communications, mai rediyon Raypower tun 1994 da talabijin na AIT tun 1996. Watau daga kamfanin jiragen ruwa guda ɗaya aka sami masu kafofin labarai uku, dukansu kuma 'yan siyasa. Dokpesi ya sayar wa jama'a hannun jari a kasuwar hannun jari ta Nijeriya a 2008, amma shugabanci bai bar gida ba, ɗansa ne ya hau kujerar tun kafin uban ya rasu a 2023. Shi ma ya ga irin abin da 'Yar'aduwa ya gani, domin a 2019 hukumar NBC ta dakatar da lasin AIT da Raypower, sai kotu ce ta sa aka buɗe su.

Rediyo ya fi jarida shiga gidajen Hausawa, domin ba ya bukatar karatu, boko ko ajami. Kafin 1992 Gwamnati kaɗai ke da ikon buɗe gidan rediyo. A shekarar ne dokar soja mai lamba 38 ta kafa hukumar NBC, ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, ko da ya ke har yanzu, bisa ga sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999, sai da yardar Shugaban Ƙasa a ke samun izinin. A Katsina, rediyo da talabijin na jiha na Gwamnatin jiha ne, Companion FM kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce. A Kano aka buɗe Freedom Radio a ƙarshen 2003, ƙarƙashin shugabancin Mukhtar Muhammad, Wazirin Dutse, tsohon hafsan sojan sama wanda ya rasu a 2017, ta kuma yi rassa a Dutse da Kaduna, ga Dala FM a Kano. Ita ta nuna cewa kamfanin dangi yana iya wuce ran wanda ya shugabance shi, in sana'ar tana ɗaukar nauyin kanta. Haka jaridar Leadership ta Abuja, wadda ke da bugun Hausa, ta ci gaba a hannun matar Sam Nda-Isaiah bayan rasuwarsa a 2020. Kamfanin Media Trust kuwa, mai Daily Trust da Aminiya, wata hanya ya bi tun 1998, ta haɗin jarin abokan aiki da masu zuba kuɗi da dama, ba gida ɗaya ba.

In aka leƙa ƙasashen Turawa za a ga yadda abin ke zama in ya girma ƙwarai. Rupert Murdoch ya gaji ƙaramar jarida a garin Adelaide na Ostareliya da ubansa ya rasu a 1952. Daga nan ya sayi The Sun a Ingila a 1969, da The Times a 1981, ya buɗe Fox News a Amurka a 1996, ya sayi Wall Street Journal a 2007. Dabarar da gidan ya riƙe ragama da ita ta cancanci fatake su fahimce ta. Hannun jarin iri biyu ne, akwai mai ƙuri'a, akwai marar ƙuri'a. Jama'a su ke da mafi yawan jarin, amma kafin sasantawar 2025 gidan Murdoch ya riƙe kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, saboda haka maganarsa ce ke ci. Duk da haka gado bai ƙyale su ba. Uban ya so ya bar wa ɗansa Lachlan ragama shi kaɗai, 'ya'ya uku suka ƙi, aka je kotu a jihar Nevada, uban ya sha kaye a ƙarshen 2024. Sai a watan Satumba na 2025 aka sasanta, aka sayi rabon ukun nan da kuɗi wajen dala miliyan dubu uku da ɗari uku, Lachlan ya riƙe kamfanonin. Abin da miliyoyin mutane a ƙasashe uku za su ji a matsayin labari, a tsakanin uba da 'ya'yansa huɗu aka yanke shi, ba mai karatu ko ɗaya da aka shawarta.

Akwai kuma wata hanya wadda malamai za su gane ta da ganin farko. A 1936 gidan Scott, masu jaridar Manchester Guardian ta Ingila, suka fid da jaridar daga dukiyarsu ta gado, suka danƙa ta ga amintattu, bisa sharaɗin ba mai cin ribarta, abin da ta samu a mai da shi cikinta, edita kuma ya yi aikinsa ba da tsoron mai gida ba. Jaridar nan tana fitowa har yau da sunan The Guardian. Wannan tsari ɗan'uwan waƙafi ne, wanda Musulmi suka daɗe suna tsayar da makarantu da rijiyoyi da shi, domin abin da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi, ba a kuma raba shi gado.

In aka auna duka, jaridar gida tana da amfani wanda ba a musunsa. Ita ta karya kaɗaicin muryar Gwamnati a Arewa, ita ta buga Hausa a lokacin da masu neman riba tsantsa ba su kula da mai karatun Hausa ba, ita ta horar da marubuta. Illarta kuwa ba ƙarya ce a fili ba, domin edita mai mutunci ba ya buga abin da ya san ƙarya ne. Illar tana cikin abin da ba a bugawa. Jaridar mai banki da wuya ta bi diddigin bankin, ta ɗan kwangila da wuya ta auna ginin da ya yi, ta ɗan takara da wuya ta yaba wa abokin hamayyarsa. Ba sai mai gida ya ba da umurni ba, ma'aikaci ya san inda abincinsa ke fitowa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Abin da ya sauƙaƙa wa mai karatu a yanzu shi ne doka ta fara ba shi dama. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC, sunan duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 na jarinsa ko ƙuri'unsa ko fiye, a 2023 kuma hukumar ta buɗe rajistar nan a intanet don kowa ya duba. Almajirin da ya iya latsa waya yana iya nemo wa malaminsa sunayen masu gidan rediyon da a ke saurare a zaure, yaron kanti ya nemo wa ubangidansa. Wanda ya san mai gidan, sai ya ƙara da tambayar sauran sana'o'insa, da jam'iyyarsa, da danginsa da ke riƙe da muƙami, sa'an nan in labari ya shafi ɗaya daga cikin waɗannan ya nemi jin sa daga wata kafa dabam kafin ya ɗauka. Wannan ya fi zama wajibi a kan shafukan Facebook da makamantansu masu kiran kansu jaridu, waɗanda yawancinsu ba su faɗin mai su, balle mai ciyar da su.

Ga attajiran Katsina kuwa, darasin gidajen nan uku a fili ya ke. Birnin da ya fid da Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, wanda aka kafa Kwalejin Katsina a cikinsa, ya ga jaridu biyar na 'ya'yan ƙasarsa sun tashi a Kaduna sun faɗi a Kaduna. Duk wanda ya yi niyyar sake gwadawa, ya kamata tun yana da rai da lafiya ya rubuta sunayen masu jarin a fili, ya raba asusun jaridar da na sauran kasuwancinsa, ya kuma zauna da malamai da lauyoyi su tsara yadda za ta tsaya bayan ransa, ko ta haɗin jarin mutane da yawa, ko ta waƙafi mai amintattu da kadarar da za ta riƙa ciyar da ita.

Allah ya sa a dace. Haza wassalam.